Ni Na Ba Da Waƙar, Ita Ta Amsa

Tun kafin waƙar nan ta shigo gidanmu ina da abin da ke cina a rai. 'Yata ba ta magana a makaranta. A gida kuwa sai an roƙe ta ta yi shiru. Daga buɗe ido take farawa: me ya sa tantabarun unguwarmu Ardwick ba sa tsoron mutane, wa ya ɗora wa bas wani bas a kai, ina rana take kwana tun da ba ta cika zuwa Manchester ba. Amma da mun karya kwanar makaranta sai in ji hannunta ya ƙanƙame nawa, bakin ya rufe, ba zai sake buɗewa ba sai na je ɗaukarta. Shekararta biyar a lokacin. Sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa nake kiranta Mamana.

Malamarsu, wata Baturiya mai ƙaramin jiki da ke zuwa aiki a keke, ta tare ni a bakin ƙofa. Ta ce yarinyar tana jin komai. In an ce a ɗauko littafi ta ɗauko, in an ce a jeru ta jeru. Amma ko sunanta aka kira da safe, hannu kawai take ɗagawa. Na kai ta wajen GP, wato likitan unguwa, ya leƙa kunne ya leƙa maƙogwaro, ya ce lafiyarta ƙalau. Malama ta ce idan aka kai ƙarshen shekara a haka za a kira wata mata ta gwada ta, wataƙila a riƙa fitar da ita daga aji ana zama da ita a wani ɗaki daban. Da murmushi ta faɗa, ta ce taimako ne. Na yarda taimako ne. Ni dai abin da idona ya nuna min shi ne yara suna kallo ana fita da 'yata.

Kuma na san a inda ta ga wannan shirun. A wajena ta gani. Karatuna bai yi nisa ba, a aji biyu na sakandare na tsaya, can ƙauyenmu a kudancin Kaduna. Ina jin Turanci, amma na mutanen nan wanda suke haɗiye rabinsa yakan wuce ni. In mai kanti ta yi min tambaya sai in yi murmushi in gyaɗa kai, ko da ban san abin da na yarda da shi ba. Mijina, wanda ke aiki a gidan kula da tsofaffi, shi ke amsa wayar hukumar gari, shi ke magana da mai gidan da muke haya. Yarinya tana riƙe da hannuna tana kallon duk wannan.

A watan Mayu muka je Birmingham wajen yayar mijina. Nas ce a babban asibitin da ke Edgbaston, ta daɗe a ƙasar nan, 'ya'yanta biyu a nan ta haife su. Ranar Asabar da yamma, rana ba ta ma faɗi ba, yaran suka ƙwace talabijin. Wai ranar ce ake gasar waƙa ta ƙasashen Turai. Kowace ƙasa ta turo waƙa ɗaya, a yi ta a gaban taro, mutane su zaɓa ta waya. Yaya ta zuba mana faten acca muka zauna.

Ban taɓa ganin irin wannan ba. Wuta na tashi daga ƙasa, hayaƙi ta ko'ina, wani ya fito da fukafukai, wata kuma rigarta ba ta kai ta rufa wa kowa asiri ba. Tafin hannuna a kan idon Mamana ya wuni.

Na ce, "Yaya, wannan waƙa yake yi ko ciki ne ke murɗa masa?"

Ta ce, "Ke dai sha fatenki. Ba ki ga komai ba, bari mutanen ƙasashen ƙanƙara su fito."

Mijina ya ce, "In a cocinmu ne, wannan dattawa sai sun zauna a kansa."

"Kai da ko amin ba ka iya yi a kan murya ba," in ji Yaya. "Yi mana shiru."

Can sai wata mace ta fito ita kaɗai, da doguwar riga ruwan ƙwai, ba wuta ba hayaƙi. Babbar 'yar Yaya ta ce da Faransanci za ta yi. Ta fara a hankali, kamar mai magana da kanta tana wanke-wanke, kalmomin suna zamewa cikin juna, rabi ta baki rabi ta hanci. Daga nan kiɗan ya ɗauka, ta fara tafiya a kan dandalin tana jujjuya kafaɗa. Sai na ji Mamana ta sulale daga cinyata. Ta je gaban talabijin ta tsaya, hancinta kusa da gilashin. Ƙaramin ɗan Yaya ya yi mata tsawa da Turancinsa na Birmingham wai ta tare masa. Ko waiwayowa ba ta yi ba.

Waƙar ba ta ci gasar ba. Da safe muka ji, don mu ba mu jira ƙidayar ba. Amma kafin mu kama hanyar tasha Mamana ta sa babbar 'yar Yaya ta kunna mata ita a waya har yarinyar ta gaji ta tura min a tawa.

A jirgin ƙasa, muna dawowa, ina ɓare mata lemo, sai na ji murya. Ta jingina kai da taga tana rera wurin da kiɗan yake ɗauka, ba da kalmomi sosai ba, da abin da kunnenta ya kama. Ba a ciki-ciki ba, a fili. Wata tsohuwa da ke zaune daura da mu ta sauke jaridarta tana kallonta, yarinyar ba ta daina ba. Na mintsini mijina a cinya. Ya buɗe baki zai yi magana, na ƙara masa wani mintsinin. Ranar na fara jin muryar 'yata a cikin Turawa.

Ba a daɗe ba malama ta biyo ni har bakin titi da saurinta. Ta ce mai taimaka mata a aji ta ji yarinyar tana waƙa a wajen rataye riguna, da wani yare. Ta ce ƙarshen shekara makaranta takan yi ɗan biki, kowane aji ya ɗauki ƙasa ya yi waƙarta, iyaye su zo kallo. Ko zan yarda 'yata ta yi wannan waƙar, ko da baiti ɗaya ne, ita kaɗai? Na ce to. Bakina ya riga tunanina. Sai da na iso gida na ajiye jaka na tuna ban san abin da waƙar take cewa ba.

A wajenmu ba a ɗaukar waƙa a baki haka kawai. Kowace waƙa akwai wanda aka yi wa. Wata yabo ce, wata habaici, wata kuma ta 'yan giya ce wadda in yaro ya rera a gaban manya uwarsa za a kalla. Yaya ta ce in sa waya ta fassara min. Na sa, ta ba ni wata Hausa da ko wanda ya rubuta ba zai gane ba. Sai na tuna da Hajiya mai kitso a unguwar Withington. Mutuniyar Damagaram ce, ta yi boko a Nijar, da Faransanci aka koya mata. A gidanta take kitso, kuma duk matan cocinmu wajenta muke zuwa.

Ina zaune a ƙasa tsakanin gwiwoyinta na miƙa mata wayar. Na ce, "Hajiya, don Allah saurara min wannan. Zagi ne ko yabo?"

Ta soke matsefi a kaina ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "Ƙanwata, mutanen nan suna da wata waƙa ne bayan ta soyayya?"

"Na shiga uku. Na riga na ce wa malama to."

"Tsaya mana, kin cika gaggawa. Wannan ta gama soyayyar ne. Namiji ya tafi ya bar ta, ta kulle kanta a ɗaki. Yau ta tashi ta ja labule, ta ga an ɗauke ruwa, ta ɗauko jan takalminta, ta ce za ta fita ta zaga gari, wanda ya ga dama ya kalla."

"Shi ke nan?"

"A baiti na biyu take tsine masa. A hankali dai, irin tsinuwar masu ilimi."

"To mu bar na biyun."

"Ku bar shi. Ni zan riƙe, ina da wanda zan yi wa."

Wata mata da ke jiran layi ta kwashe da dariya har ɗankwalinta ya zame. Ranar kitson da ya kamata a gama kafin la'asar ya kai mu yamma, don Hajiya ta ce ba za a kai mata Faransanci gaban Turawa a karye ba. Ta faɗi layi, in maimaita. Akwai wani harafi da suke fitarwa daga maƙogwaro, kamar mai kurkure baki da ruwan gishiri. Duk lokacin da na yi shi da kan harshe irin namu sai ta ja min gashi.

"Daga nan, ƙanwata, daga nan," tana taɓa wuyana. "Ba rake za ki ce ba."

Na fita da kai yana zafi, baiti ɗaya da amshi a bakina.

Yadda zan koya wa yarinya bai ba ni wahalar tunani ba. Mahaifiyata ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata ta cocin ƙauyenmu. Takan tsaya a gaba ta jefa layi, mata su amsa gaba ɗaya, masu buga tulu su shigo. Ba wadda za ta buɗe baki sai an ba ta. Wadda ta riga mai bayarwa, a kan hanyar gida za a yi da ita. A haka na koyi duk waƙar da na sani a duniya, ban taɓa sanin akwai wata hanya ba. Don haka a kicin, ina yanka albasa, sai in ba da layi, Mamana ta amsa. In buga bayan tukunya da ludayi, in ba da na gaba. Wata rana ta yi wuf ta riga ni, don ta fi ni iya waƙar tuni. Na ɗaga ludayi na ce, "Mamana, ba a riga mai bayarwa." Ta rufe baki da hannu tana dariya. Daga ranar ba ta sake ba. A amshi kaɗai nakan sake ta ta tafi, don can kowa yake shiga.

Mijina yakan dawo aiki ya tsaya a ƙofar kicin ya ce, "Sannunku da aiki, mutanen Faransa. Akwai tuwo a ƙasar taku?"

Mamana ta ce, "Baba, kai ba ka iya ba."

"Na iya mana." Ya yi wani gurnani daga maƙogwaro, ta faɗi ƙasa don dariya.

Malama ta gwada ta a aji kafin biki, ba ta yi ba. Ta kira ni gefe ta ce kada in damu in ranar ma haka ta faru, za su wuce zuwa aji na gaba ba tare da kowa ya lura ba. Na ce za ta yi. Ban san daga ina na samo wannan tabbacin ba, amma ban faɗa don in faranta mata ba. Na ji yarinyar nan da kunnena. Har jan takalmi na samo mata a shagon kayan gwanjo kusa da gidan Hajiya.

Ranar biki mijina ya yi musayar aiki da wani, Yaya ta hawo jirgi daga Birmingham da idon wadda ba ta yi barci ba. Zauren makaranta yana warin dankali da miyar wake na abincin rana. Kujerun yara aka jera mana, gwiwoyinmu har ƙirji. Wani aji suka yi waƙar Sifen da furanni a kai, wani suka yi ta Italiya suna ihu. Sai aka kira ajinsu. Yara suka zauna a ƙasa da 'yan tutoci, malama ta kamo hannun 'yata ta kai ta tsakiya, ta koma ta kunna kiɗa.

Kiɗan ya zo wurin da ake shiga. Ya wuce. Mamana tana tsaye.

Malama ta tsayar, ta yi wa iyaye murmushi, ta sake kunnawa daga farko. Wani uba a bayana ya yi gyaran murya. Yaya ta kama hannuna ta matse. Mijina ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ni kuwa ban ɗauke ido daga kanta ba, kuma abin da na gani bai yi kama da abin da na saba gani a bakin ƙofar makaranta ba. Na san tsoron 'yata. In tana tsoro kafaɗunta sukan hau har kunne, ta tura babban yatsa cikin hannun riga. Yau kafaɗun a sake suke. Jan takalmin na dama yana bugun ƙasa daidai da kiɗa. Bakinta a ɗan buɗe, ta ja numfashi ta riƙe, idonta a kaina. Haka matan zumunta suke kallon mahaifiyata.

Jira take a ba ta.

Kiɗan ya sake wuce wurin. Na ga malama ta yunƙura za ta je ta kamo ta. Ban yi shawara da kowa ba. Na zame hannuna daga na Yaya na miƙe, kujerar ta yi ƙara a kan katako, duk zauren ya waiwayo. Na ba da layin farko, daga maƙogwaro, yadda Hajiya ta koya min.

Ta amsa. Da ƙarfi, har na baya suka ji.

Na ba da na biyu, ta amsa. Amma kiɗan ba a yi shi don mutum biyu ba, kowane layi sau ɗaya ya tanada, mu kuwa sau biyu muke yi. Ya gudu ya bar mu. Malama ta dube ni, ta dubi yarinyar, ta miƙa hannu ta kashe shi. Allah ya saka mata da alheri. Sai ya rage ni da 'yata, da tafin Yaya wanda ta fara a hankali kamar bugun tulu. Muka gama baitin. Da muka iso amshi Mamana ta tafi ita kaɗai kamar yadda ta saba a kicin, ni kuma na zauna. Ta yi amshin sau biyu. Na biyun har da jujjuya kafaɗa irin ta mai rigar ruwan ƙwai. Yaran ajin suka ɗauki tafi, iyaye suka bi.

Yaya ta sunkuyo ta ce min a kunne, "Ke da ba ki iya tambayar kuɗin tumatir a shago ba."

Na ce, "Yaya, wannan ba Turanci ba ne."

Bayan an tashi malama ta zo ta tambaye ni abin da ya faru. Mijina ya buɗe baki zai amsa kamar kullum, na ce ya bari. Da Turancina na yi mata bayani, inda ya ƙare na ƙarasa da hannu. Na ce a wajenmu ɗaya ke bayarwa, saura su amsa. Na ce yarinyar ba ƙi take yi ba, ba a ba ta ba ne. Ta sa na maimaita wani wuri, sannan ta gyaɗa kai a hankali, irin gyaɗawar wanda ya ji, ba irin tawa ta shago ba.

Ba zan ce washegari 'yata ta zama sarkin surutu a aji ba. Ba haka ta faru ba. Amma malama ta sauya yadda take kiran sunanta da safe. Maimakon ta kira ta jira, sai ta rera mata gaisuwa, rabin layi, ta bar mata sauran. Ta fara amsawa. Daga gaisuwa aka koma ƙirga, daga ƙirga aka koma sunayen launi. Kafin a rufe makaranta ta kai ƙarar wani yaro da ya ɗaukar mata fensir, ba wanda ya ba ta layi. Malama da kanta ta ba ni labarin tana dariya. Matar da aka ce za ta zo gwaji ta zo duk da haka. Ta zauna a bayan aji ta kalla, ta ce a bar ta cikin 'yan'uwanta. Ba a fita da ita ko sau ɗaya ba.

Abu ɗaya ne bai yi min daɗi ba. Mijina ya ɗauki hoton bidiyo, Yaya ta tura wa matan cocinsu, daga can ya zo na cocinmu, har gida Najeriya ya kai. A hanya wani ya yanke shi. Abin da ke yawo yanzu ni ce kawai, tsaye da ɗankwali a cikin Turawa ina waƙar Faransanci, ana ta yi min kirari ana dariya. Ban damu da dariyar ba, ni ma na yi. Amma a daidai inda na zauna aka yanke, kuma daga nan ne nata ya fara.

Don haka ina roƙon duk wanda guntun nan ya shigo wayarsa, kada ya tura shi gaba. Ya tambayi wanda ya turo masa cikakken. Yana nan a hannun mutane, bai ɓace ba. Ku kalla har ƙarshe, ku ji yarinyar tana yi ita kaɗai, sannan in kun ga dama ku tura wannan.